Tsofaffin Gidajen Birni Suna Faɗuwa, Rijiyoyinsu Suna Cikewa

Ran Juma'a 11 ga watan Agusta na 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta a kan masallata, mutane da dama suka rasu. Masallacin nan shi ne wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Da shekara ta kewayo, a farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya kayar da tsohon masallacin ƙasa na birnin Damagaram a Jumhuriyar Nijar. Ba a yi mako biyu ba kuma, ran 10 ga watan, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malale cikin Maiduguri har ya shiga fadar Shehun Borno.

Duk waɗannan an ji labarinsu a rediyo, an karanta a jaridu, manyan ƙasa sun je jaje. Amma akwai wata hasara da ake yi kowace damina wadda ba ta shiga labarai, watau ta tsofaffin gidajen zama na cikin birane, gidajen malamai da fatake da masu sana'a, waɗanda kakanni suka gina da tubali da azara, da yawansu da rijiya a tsakar gida. Wannan gida ya zube da ruwan Agusta, wancan a sayar da shi a yi kantuna, rijiyar kuma a cike ta da ɓaraguzan ginin a shafe bakinta da siminti. Babu wanda ke ƙirga su, domin babu wata hukuma da aka ɗora wa wannan aiki. Birnin Kano ya isa misali a kan yadda abin ke gudana, ko da yake labarin kusan ɗaya ne a Zariya da Katsina da Sakkwato.

Yadda Gidan Yake

Wanda bai taɓa shiga irin wannan gida ba, yana iya wuce shi a lungu bai san abin da ke ciki ba, don daga waje ba a ganin kome sai doguwar katanga da zaure da dakali. A zaure mai gida yake karɓar baƙi, a nan malami yake ba da karatu, a nan maɗinki ko baduku yake aikinsa. Daga zaure sai ɗan fili, inda ɗakunan samari da na baƙi suke, sa'an nan shigifa, wadda ita ce iyakar namiji baƙo in ba muharrami ba ne. Bayan shigifa kuwa sai cikin gida sosai, inda turakar mai gida take, da ɗakunan mata, da madafa, da makewayi, da itacen inuwa, da rijiya.

Da tubali ake tayar da bango. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ana takawa, a dunƙula ta da hannu kamar ƙwai, a shanya a rana, sa'an nan a jera gindin yana ƙasa tsinin yana sama, a bi da kwaɓi a cike tsakani. Bango yakan yi kauri ƙwarai daga tushe, yana ƙara sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuma da azara ake yinsa, watau tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, saboda haka magina suka ƙago dabarar ɗora azara bisa azara daga bango biyu, suna ɗaurewa suna lulluɓewa da ƙasa, har su haɗu a tsakiya. Wannan shi ne bakan gizo. Idan baka biyu suka gitta juna a tsakiyar soro, magina suna kiran wannan rufi da sunan ɗaurin guga, don ya yi kama da yadda ake ɗaure bakin gugan jan ruwa. Ashe ko a cikin harshen magina ma gida da rijiya ba su rabu ba.

Amfanin wannan gini a ƙasa mai zafi ba boyayye ba ne. Kaurin bango yana hana zafin rana shiga da wuri, sai ɗaki ya yi sanyi da tsakar rana a bazara, ya kuma riƙe ɗumi da dare a lokacin hunturu. Mazauna ɗakin bulo da kwano, waɗanda kan fito waje su kwana in wutar lantarki ta ɗauke a watan Afrilu, sun fi kowa sanin bambancin.

Matsayin Rijiya

Kafin zuwan famfo, da rijiya Kano ta rayu. Sunayen unguwanni sun isa shaida: akwai Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu a cikin birni, akwai Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki a wajen ganuwa. A Daura ma tarihin kafuwar Hausa Bakwai, kamar yadda ake ba da shi, a bakin rijiya ya faro, watau Kusugu, inda aka ce Bayajida ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ita Kusugu ta yi sa'a, an gina mata ɗaki, ana kula da ita, baƙi suna zuwa suna shan ruwanta. Sauran dubban rijiyoyi da ba su da labarin maciji ba su sami wannan gata ba.

Rijiyar tsakar gida tana da aiki fiye da kashe ƙishirwa. Ita ce ta sa matan kulle suke samun ruwan girki da wanki ba tare da sun fita ba. Ita ce kuma ke ɗaure zumunci tsakanin maƙwabta, domin a al'adar birni ba a hana ruwa: yaran gidan da ba su da rijiya sallama kawai suke yi su shiga su ja, kuma idan guga ya faɗa, ƙugiyar gida ɗaya ce ke yawo a unguwa duka. Da rani ya tsananta kuma a kira masu yasa su kwashe laka da tarkace, idon ruwa ya buɗe. Malamai suna lissafa haƙa rijiya cikin sadaka mai gudana, suna kafa hujja da Sayyidina Usmanu ɗan Affan, wanda ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ƙasar da aka gina birni da ita, a cikin birni aka haƙo ta, ramukan da aka bari su ne kududdufai. Da damina ruwan indararo da na lunguna yana gangarawa cikinsu, ya kwanta, ya riƙa tsuma a hankali yana shiga ƙasa. Kano kuwa bisa dutse take zaune, ruwan rijiyoyinta yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne, saboda haka ruwan saman kowace shekara shi ke ciyar da su. Watau kududdufi yana ɗauke wa gida ambaliya, yana kuma shayar da rijiya. Gida da rijiya da kududdufi tsari ɗaya ne, idan aka taɓa ɗaya sauran biyun za su ji a jikinsu.

A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta kawo ruwan famfo daga kogin Challawa. Daga baya aka ƙara wasu gidajen ruwa, kamar na Tamburawa. Duk da haka har yanzu famfo bai wadatar da birnin ba, gidaje da yawa da 'yan garuwa suka dogara. Abin mamaki shi ne, a cikin masu sayen ruwan jarka a yau akwai waɗanda da hannunsu suka cike rijiyar da suka gada.

Abubuwan Da Ke Kashe Su

Na farko shi ne barin yaɓe. Gidan ƙasa kamar dabbar kiwo yake, yana son kulawa kowace shekara. A da, kafin ruwan farko ya sauka, kowane mai gida yakan hau soro ya duba tsaga, a share indararo, a yi sabon yaɓe. Ana shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa daga bango. Masu hali kuma sukan yi laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Yau karofi sun ragu, katsi ya yi wuya, giginya ta yi nisa, azara ta yi tsada, maginan da suka san aikin kuma tsufa ya kama su, 'ya'yansu sun koma aikin bulo. Damina biyu ko uku ba yaɓe sun isa su buɗe tsaga a rufi, kuma masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu shi ne siminti, wanda mutane suka ɗauka magani ne. Mai gida ya gaji da yaɓen shekara-shekara, sai ya shafe bangon ƙasa da siminti ya ce ya huta. Amma ƙasa da siminti ba sa kama juna, kuma ba daidai suke miƙewa da ƙanƙancewa ba in zafi da sanyi sun sauya. Ba a daɗewa simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ya rasa hanyar fita, domin bangon ƙasa ta fuskarsa yake shan iska ya bushe. Daga waje gini yana nan sumul, daga ciki kuwa ya jiƙe, azara tana ruɓewa, ba wanda ya gani sai ranar da ya zube gaba ɗaya.

Na uku shi ne cike kududdufai. Saboda tsadar fili an cike da yawa daga cikinsu da shara da ƙasa an yi gini a kai. Ruwan da ya saba kwanciya a can yanzu a lungu yake tsayawa, yana cin gindin katanga. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka gyara titi ana ƙara masa tudu, har zauren da a da ake hawa a shiga ya zama sai an gangara. A gefe guda kuma rijiyoyin burtsatse sun yawaita, kowa yana zuƙo ruwa da inji daga ƙasa, ƙasar kuma an rufe fuskarta da siminti da kwalta, sai rijiyoyin hannu suka fara ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran wuyar magana, shi ne rabon gado. Gidan da mutum ɗaya ya gina, bayan zuriya uku yana iya zama na magada talatin ko fiye, wasu suna Legas, wasu suna Abuja, wasu suna cikin gidan ba su da abin gyara. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Idan aka gaji sai a raba, a ja katangar bulo ta tsakiyar tsakar gida, rijiya ta faɗa rabon mutum ɗaya, ko kuma a sayar gaba ɗaya a raba kuɗi. Mai saye kuwa, musamman a kewayen Kasuwar Kurmi da bakin manyan tituna, filin yake so, ginin da ke kai nauyi ne a wurinsa.

Ba daidai ba ne a ɗora wa magada laifi duka. Wanda ya cike rijiya sau da yawa yana da hujja mai ƙarfi. Jami'an kashe gobara na Kano sun sha ciro yara da manya daga rijiyoyin da ba su da murfi. Masana lafiya kuma suna ba da shawara a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da salga, abin da ba ya yiwuwa a gidan da aka yanka gida huɗu, kowane yanki da nasa makewayi. Ruwan irin wannan rijiya yana iya ɗauko amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Duk mai kiran a tsare tsofaffin rijiyoyi, tilas ya fara amsa wannan magana, in ba haka ba uwayen yara ba za su saurare shi ba.

Abin Da Doka Ta Ce

Nijeriya ba ta rasa dokar tsare kayan tarihi ba. Tun 1953 Turawan mulki suka kafa dokar farko, wadda a ƙarƙashinta aka fara ayyana wasu gine-gine a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Cikin na farko akwai gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, wanda shi ma aikin Babban Gwani ne, sai Gidan Makama na Kano, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da gidan Rabe a Dikwa. A 1979 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 77, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa. Dokar ta hana rushe ko sauya duk abin da aka ayyana sai da izinin hukumar.

Matsalar ita ce, jerin da hukumar ta daɗe tana aiki da shi bai wuce wurare 65 ba a duk faɗin ƙasa, kuma gini ɗaya-ɗaya ake ayyanawa. Gidan Makama, wanda ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya tsira domin ya zama gidan ajiye kayan tarihi. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen makaranta Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, ya tsira domin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana riƙe da shi. Gidan Rumfa kuwa fada ce, Sarki na ciki. Amma gidan malamin Madabo, ko na Balaraben Alfindiki, ko na bafataken Koki, doka ba ta san da shi ba. Mai shi yana iya rushe shi gobe da safe, babu wanda zai tambaye shi dalili.

Ko abin da doka ta sani ma bai tsira ba. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, cikin ƙarni na 12, tana cikin kayan tarihi na ƙasa, kuma tun 2007 Nijeriya ta sa ta cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. Duk da haka a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, ganuwar kuma an yanka wurare da yawa na jikinta an yi gini. Dalili kuwa, tun dokar filaye ta 1978 ikon ƙasa yana hannun gwamnan jiha, izinin gini ma hukumomin jiha ke bayarwa, hukumar tarihi kuwa ta Tarayya ce, ba ta da ɗan sanda, kuɗinta kaɗan ne, tarar da dokarta ta yanka kuma da kuɗin 1979 aka auna ta.

A Jos akwai wani fili inda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya sa aka gina kwafin masallacin Zariya da wani sashe na ganuwar Kano da na fadar Katsina, bayan ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya yana zana su. Aiki ne mai daraja, kuma zane-zanensa, waɗanda aka buga a 1990 bayan rasuwarsa, sun adana siffar gidaje da dama da yanzu babu su. Sai dai kwafi ba ya da maƙwabta, ba a girki a cikinsa, ba mai jan ruwa a rijiyarsa.

Darasin Borno

Ƙasar Borno ta fi kowa sanin yadda birni ke ɓacewa. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, yana da fada ta jan bulo gasasshe, amma tun da aka ci shi da yaƙi a 1808 ya zama kufai. Kukawa, wadda ta gaje shi, Rabe ya ƙone ta a 1893. Yarwa, watau Maiduguri ta yau, a 1907 aka kafa ta, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya komo can. Saboda haka tsofaffin gidajen Shehuri da Hausari da Limanti da Fezzan, ko da yake shekarunsu ba su kai na Kano ba, su ne abin da ya rage na zaman birni irin na Barebari, da zaurukansu da tsangayunsu. Sunayen unguwannin ma tarihi ne, don a harshen Kanuri ƙarshen suna da "ri" yana nuna mazaunin wani ne: Shehuri wurin Shehu, Hausari wurin Hausawa, Umarari wurin Umaru.

Garin ya kumbura ƙwarai tun daga 2009, lokacin da rikicin Boko Haram ya koro mutanen ƙauyuka da na ƙananan hukumomi zuwa cikinsa, gidan da aka gina don iyali ɗaya ya ɗauki iyali biyar. A kan wannan cunkoso ambaliyar 2024 ta zo, shekara talatin bayan irinta ta 1994, ta mamaye Gwange da Kasuwar Litinin da kewayen fada, ta raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Ruwan ya haɗa salga da rijiya, kuma a watan Oktoba na wannan shekara gwamnatin jihar ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. Mutumin da bangon ƙasa ya faɗa masa a cikin dare, idan ya sami taimako da bulo zai sake gini, kuma babu mai ganin laifinsa. Abin da ya kamata hukuma ta yi a irin wannan lokaci shi ne ta tantance gidajen da ke da tarihi tun kafin magina su shiga, ta auna su, ta taimaka a gyara waɗanda za su gyaru.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Ba sai an je nesa ba. A 2013 UNESCO ta karɓi tsohon garin Agadas na Nijar cikin gadon duniya, kuma abin da aka karɓa ya haɗa da unguwanni goma sha ɗaya da gidajen zama da ke cikinsu, tare da fadar Sarkin Abzin da hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27. Watau unguwa aka tsare gaba ɗaya, da mutanenta. A ƙauyen Yama na jihar Tawa kuma, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya gina masallacin ƙasa da bakan gizo wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, abin da ya nuna sana'ar tana da rai in ta sami mai ba ta aiki.

A Jenne ta ƙasar Mali, wadda ta shiga gadon duniya a 1988, duk shekara mutanen gari suke fitowa rana ɗaya su yaɓe babban masallaci, ƙungiyar maginansu kuma tana nan da ƙarfinta. Amma a can ma an ji koken mazauna, waɗanda suka ce an hana su sauya gidajensu alhali ba a ba su abin gyara ba. A Shibam ta ƙasar Yaman, garin dogayen benaye na ƙasa, an gano cewa ruwan famfo da aka shigar ba tare da magudana ba yana jiƙa tushen gidaje. Daga 2000 aka kafa wani shiri da taimakon Jamus, inda mai gida ke biyan wani kaso na kuɗin gyara, shirin ya biya saura, maginan gari kuma su yi aikin. A birnin Banis na Italiya kuwa, tun da ruwan famfo ya iso a 1884 aka daina shan ruwan rijiyoyin dandali da na tsakar gida, amma ba a fasa su ba, an yi musu murfin ƙarfe an bar su a wurarensu, yau suna cikin abin da baƙi ke zuwa kallo.

Abin da waɗannan misalai suka haɗu a kai shi ne, hani kaɗai ba ya tsare gida. Inda aka ci nasara, an sa wa mai gida hannu a aljihu, an kuma bar shi ya shigar da wuta da famfo da makewayi na zamani ta hanyar da ba za ta cuci ginin ba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Matakin farko ƙirga ne, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Masu unguwanni sun san kowane tsohon gida da kowace rijiya a ƙasarsu. Idan masarautu suka haɗa kai da sassan koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri, ɗalibai za su iya bin unguwa-unguwa su auna, su ɗauki hoto, su rubuta tarihin gida daga bakin tsofaffinsa tun suna raye.

Na biyu, majalisun dokoki na jihohi, tun da su ke da ikon fili, su yi dokar da za ta ware wasu unguwanni na cikin ganuwa, inda ba za a rushe gidan da ke cikin rajista ba sai an sanar, an kuma ba da lokaci a nemi mafita. Dokar ta haɗa da sauran kududdufan da ba a cike ba, a yashe su a hana zuba shara. Ta kuma tanadi asusun gyara, wanda zai riƙa biyan wani kaso na kuɗin yaɓe da azara, aikin kuma a ba Sarkin Magina da mutanensa, da sharaɗin su ɗauki yara su koya musu.

Na uku ya shafi malamai da alƙalai. Shari'a ta buɗe ƙofar waƙafi, inda mai gida tun yana da rai, ko magada in sun yarda, za su iya tsayar da zaure da rijiya su zama na amfanin zuriya da maƙwabta, ba a sayarwa ba a rabawa. Ta kuma ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a, watau shi ya fi cancanta ya sayi rabon ɗan'uwansa kafin bare. Da za a riƙa tuna wa magada waɗannan hanyoyi a zaman rabon gado, da gidaje da dama sun tsaya.

Ita kuwa rijiya, gyaranta sananne ne kuma mai araha: a ɗaga bakinta ya kai ƙugun babba, a yi mata murfi mai makulli, a daɓe kewayenta yadda ruwan wanki ba zai koma ciki ba, a keɓe mata guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa, a yashe ta duk shekara, ma'aikatan lafiya su riƙa gwada ruwanta suna sa magani. Wadda ruwanta bai kai a sha ba, ya isa wanki da shara da yaɓe, wanda shi ma kuɗi ne da ake ba 'yan garuwa kullum. Wadda ta ƙafe kuma a rufe ta da murfi mai ƙarfi maimakon a cike ta, don shekarar ruwa tana iya dawo da ita.

Hausawa sun ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Magabata sun bar gidaje da rijiyoyi da sana'ar kula da su, saura abin da hukumomi da magada za su yi da su. Lokacin yaɓe dai sananne ne, daga ƙarshen hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko, kuma gidan da bai samu ba a bana, mai yiwuwa ne baɗi a tarar da shi kango.